Yaushe ake juya kujerar yaro ta kalli gaba, yaushe kuma zai koma bel ɗin manya?

Tambaya: Yarana biyu. Ƙaramin watansa 14, nauyinsa kilo 10, yana zama a kujerar jarirai mai kallon baya, amma ƙafafunsa sun fara tokarar jinginar kujerar mota. Babbar shekararta 5, tsayinta santimita 110, nauyinta kilo 19, ta fara cewa ita ta girma, bel ɗin manya take so. Shin in juya ƙaramin ya kalli gaba? Ita kuma babbar a shekara nawa ake barin kujerar yara? Kowa na tambaya da abin da yake faɗa mini.

Amsa:

'Yar'uwa, kada ki juya ƙaramin tukuna. Babbar kuma da sauranta, aƙalla shekara huɗu, wataƙila ma fiye, kafin bel ɗin manya ya zauna mata daidai shi kaɗai.

Abin da ya sa kike jin magana iri-iri shi ne bakuna uku ne ke magana a kan abu ɗaya. Doka tana faɗin mafi ƙarancin abin da za ki yi don kada a kama ki da laifi. Kamfanin da ya ƙera kujerar yana faɗin iyakar nauyi da tsayin da ya gwada ta a kai. Likitocin yara da masu binciken haɗarin mota kuwa suna faɗin abin da ya fi kare jikin yaro. Idan kina son ma'auni ɗaya da ba zai ruɗa ki ba, ki ajiye lissafin shekaru a gefe, ki riƙe tsayin yaron, da nauyinsa, da abin da aka rubuta a jikin kujerarsa. Kowane mataki da yaro ya hau, daga kallon baya zuwa kallon gaba, daga nan zuwa kujerar ɗagawa, daga nan zuwa bel kaɗai, kariyarsa raguwa take yi. Shi ya sa ba a hawa mataki sai wanda ake kai ya ƙare.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a cikin mota lokacin karo sannan dokokin nan suke yin ma'ana. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, idan ta daki abu mai ƙarfi ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Kwatankwacin wannan shi ne faɗowa daga tsayin mita 10. Cikin ƙiftawar idon da motar ke tsayawa, nauyin jiki yana iya ninkawa sau 20 ko fiye, yaron kilo 10 ya koma kamar kilo 200. Babu hannun uwa ko na uba da zai riƙe wannan, komai ƙarfinsa, komai son da yake wa yaron. Wanda ya ɗora yaro a cinya ya zagaya bel ɗaya a kansu su biyu ya ƙara ɓata lamarin, domin nauyinsa ne zai matse yaron a jikin bel ɗin. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa kujerar yara tana rage haɗarin mutuwa da kashi 71 cikin 100 ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, da kashi 54 cikin 100 ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙananan motoci.

Maganar ƙaramin

Jikin ƙaramin yaro ba jikin babba ba ne da aka rage wa girma. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, alhali kan babba bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wannan kai mai nauyi yana zaune ne a kan wuyan da ƙasusuwansa ba su gama ƙosawa ba, akasarinsu guringuntsi ne ke haɗa su, kuma sai yaro ya wuce shekara uku suke fara haɗewa da kyau. Ƙashin wuyan yaro yana iya miƙewa kamar roba, lakar da ke cikinsa kuwa ba ta iya miƙewa haka. Idan yaro na kallon gaba aka yi karo, maɗaurin zai riƙe kafaɗu da ƙugu, kan kuma ya yi gaba da ƙarfi ya ja wuyan. A nan laka ke tsinkewa, wani lokaci ba tare da ƙashi ya karye ba.

Idan kuwa baya yake kallo, ƙarfin karon tura shi yake yi cikin kujerar. Kai da wuya da gadon baya suna tafiya tare, bayan kujerar ya tallafe su gaba ɗaya, kamar yadda tafin hannu ke tarar ƙwallo. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya kawo wannan tunanin, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo don jikinsu ya jure ƙarfin tashin. A 1964 aka gwada samfurin farko tare da kamfanin Volvo, kuma har yau a Suwidin yawancin yara baya suke kallo sai sun kai wajen shekara huɗu. Wani zai ce, to idan ta baya aka daki motar fa? Karon gaba shi ne ya fi yawa a cikin munanan haɗurra, na baya kuma galibi bai kai shi ƙarfi ba, tunda motocin biyu hanya ɗaya suka fuskanta.

Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013, kuma ta hana a juya yaro gaba kafin ya cika wata 15. Naki bai ma kai ba. Amma wata 15 ƙasan ma'auni ne, ba lokacin da ya dace ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2011 ta ce a bar yaro yana kallon baya har shekara biyu, a 2018 ta cire shekarun gaba ɗaya ta ce a bar shi har sai ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kujerar ta yarda da shi. A ganina wannan ita ce maganar da ta fi dacewa a bi, kuma duk wanda ya iya kai yaronsa shekara uku ko huɗu a haka ya yi masa babban gata.

Ƙafafun da suka dame ki ba dalilin juyawa ba ne. Yara suna tanƙwashe ƙafa, su harɗe ta, su ɗora ta a jinginar kujera, su rataye ta a gefe, gaɓoɓinsu suna da laushin da namu ba su da shi. Raunin ƙafa ga yaron da ke kallon baya ba kasafai ake ganinsa ba. Mai kallon gaba ne ma ƙafafunsa ke yin sama su daki bayan kujerar da ke gabansa. Ko da ma ace ƙafar ce za ta ji ciwo, karaya tana da ɗori, laka ba ta da shi.

Abin da za ki duba shi ne ko ya fi ƙarfin kujerar da yake ciki, kuma alamomin uku ne. Nauyinsa ya kai iyakar da aka rubuta, wadda a yawancin kujerun jarirai masu mariƙi kilo 13 ce. Ko tsayinsa ya kai iyaka, galibi tsakanin santimita 75 da 87 a kujerun i-Size na jarirai. Ko kuma tazarar da ke tsakanin tsakar kansa da bakin saman kujerar ta ragu ƙasa da santimita biyu da rabi, kimanin faɗin yatsu biyu. Ɗaya daga cikin ukun ta isa. A wata 14 mai yiwuwa tsayi ne zai fara fitar da shi, ba nauyi ba. Idan hakan ta faru, ki sayi babbar kujera mai kallon baya, irin wadda ke kai wa santimita 105 ko kilo 18. Akwai waɗanda ke kai wa kilo 25. Da yawansu ana iya juya su gaba daga baya, don haka saye ɗaya ne zai yi miki aiki biyu.

Kujera mai tsada da aka ɗaura ba daidai ba, mai araha da aka ɗaura daidai ta fi ta. A nan ne akasarin iyaye ke tuntuɓe, ba wajen zaɓe ba. Hanyar kafa kujera biyu ce. Ta farko ISOFIX, wasu ƙarafa biyu ne da aka manne da jikin motar a lungun da mazauni ya haɗu da jingina, tazararsu santimita 28. Idan kika cusa yatsu a lungun za ki ji su, wasu motocin kuma da ɗan murfi ko alama a wurin. A Amurka sunan wannan tsari LATCH. Ana tura haƙoran kujerar har su yi ƙas, alamar da ke jiki ta koma kore a ɓangarorin biyu, sannan a tura kujerar ta manne da jingina. Ta biyu kuwa bel ɗin motar ne. Duka biyun suna da kyau idan an yi su daidai, amma ba a haɗa su a lokaci ɗaya sai in littafin kujerar ya faɗa a fili. ISOFIX yana da iyakar nauyi: a tsarin i-Size yaro da kujera a haɗe kada su wuce kilo 33.

Idan da bel za ki kafa, ki bi hanyar da aka shata masa a jikin kujerar. A tsofaffin kujerun Turai shuɗi ne alamar kallon baya, ja na kallon gaba, sababbin kuma kore suke sawa. Bin hanyar kallon gaba alhali kujerar baya take kallo kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana sa kujerar ta tuntsure lokacin karo. Bayan kin zura bel kin kulle, dole ɓangaren cinya ya kasance a kulle ba ya sakewa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 suna da hanyar kulle bel: a yawancinsu ki zaro shi a hankali har ƙarshe, ki sake shi, za ki ji yana ƙara yana shiga, idan kika ja ba zai ƙara fitowa ba. Motocin Turai da yawa ba su da wannan, kujerar ce ke zuwa da maƙalinta da ke danne bel ɗin. Ki danna kujerar cikin mazauni da hannu ɗaya ko da gwiwa, ki ja rarar bel ɗin da ɗayan. Daga nan ki kama kujerar a daidai inda bel ya ratsa, ki girgiza ta hagu da dama, gaba da baya, da ƙarfin da za ki gaisa da mutum. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Saman kujera mai kallon baya yana iya ɗan motsi, wannan ba laifi ba ne, wurin bel ɗin ake gwadawa.

Kujerun ISOFIX suna da madafa ta uku da ke hana su kifawa gaba: ko dai ƙafar tokare da ke sauka har daɓen mota, ko igiyar sama da ake maƙalawa a bayan jingina. Ƙafar dole ta taka daɓe sosai, kuma ba a ɗora ta a kan murfin ramin ajiya da wasu motoci ke da shi a ƙasa, sai in littafin motar ya yarda, domin murfin zai iya fashewa.

Sai ɗaure yaron kansa. Ga mai kallon baya, igiyoyin kafaɗa su fito daga daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan, saboda a karo jikinsa sama yake son zamewa. Ga mai kallon gaba akasin haka ne, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Igiyar ta kwanta shimfiɗe, idan ta murɗe faɗinta ya ragu, ƙarfin karon ya taru a wuri ɗaya kamar igiyar da ke yanka. Ki fara janye rarar da ke wajen cinyoyi zuwa sama kafin ki ja igiyar ƙarfafawa, don rara ta fi ɓuya a can. Sannan ki gwada da yatsu biyu a kan ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa: ki yi ƙoƙarin tsunkule igiyar daga sama zuwa ƙasa. Idan ta naɗe a tsakanin yatsunki, ba ta ɗauru ba. Idan yatsun suka zame, ta yi. Kujerun Amurka suna da maɓallin ƙirji, wurinsa daidai hammata ne, ba a kan ciki ba inda hanta da saifa suke, ba kuma a maƙogwaro ba. Kujerun Turai da yawa ba su da shi, an ƙera su su yi aiki a haka, kada ki sayo daban ki ƙara.

Rigar sanyi mai kauri tana yaudarar ido. Igiya za ta yi kamar ta ɗauru, amma a karo audugar ta matse, sarari ya buɗe, yaro ya iya fita ta tsakanin igiyoyin. Ki gwada da kanki: ki ɗaure shi da rigar, ki buɗe makullin ba tare da kin sassauta ba, ki cire rigar, ki mayar da shi ki kulle. Rarar da za ki gani ita ce rarar da za ta bayyana a ranar haɗari. A ɗaure yaro da kaya marasa kauri, a rufa masa bargo a kan igiyoyin. Haka ma matashin kai, da soson igiya, da shimfiɗar da ba tare da kujerar suka zo ba. Ba a gwada kujerar da su ba, a bar su.

Ranar da ya cika kujerar kallon baya kika juya shi, kada ki manta da igiyar sama. Tana fitowa daga ƙeyar kujerar, ta bi ta kan jingina, a maƙala ta a ƙarfen da aka tanada mata a bayan jingina, ko a kan allon da ke bayan kujerun, ko a daɓen but. Ƙarfen yana da alamar anga, wato ƙugiyar jirgin ruwa, a jikinsa. Mutane kan maƙala ta a ƙugiyar ɗaure kaya, wadda ba a yi ta don wannan nauyin ba. Igiyar nan tana rage tafiyar kan yaro gaba da kimanin santimita 10 zuwa 15, kuma sau da yawa wannan tazarar ce tsakanin kai da bayan kujerar gaba.

Maganar babbar

A santimita 110 da kilo 19, 'yarki ta wuce maɗaurin kujerun da iyakarsu santimita 105 ko kilo 18. Idan kujerarta irin wadda maɗaurinta ke kai wa kilo 25 ko fiye ce, kafaɗunta ba su wuce ramin igiya na sama ba, saman kunnuwanta kuma ba su haura bakin kujerar ba, ki bar ta a ciki. Idan ta wuce, abin da ya dace da ita shi ne kujerar ɗagawa mai jingina, wadda ake kira busta. Ba bel kaɗai ba.

Busta ba ta riƙe yaro, bel ɗin mota ne ke riƙe shi. Aikinta ta ɗaga shi ta saita bel ɗin ya bi ta kan ƙashi. An ƙera bel ne don jikin babba, ya zauna a kan ƙashin ƙugu da ƙashin kafaɗa da ƙirji. A ƙugun babba akwai wasu tudu biyu na ƙashi a gaba, ki taɓa naki za ki ji su, su ne ke maƙale bel ɗin cinya su hana shi hawa ciki. A jikin yaro ba su gama fitowa ba sai wajen balaga. Ga shi kuma cinyoyinsa gajeru ne, gwiwarsa ba ta kai bakin mazauni, sai ya zame gaba don ya lanƙwasa ƙafa, bel ɗin ya hau kan cibiya. Idan aka yi karo a haka, ƙugun ya sulale ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya nutse cikin ciki. Likitoci sun san wannan raunin sarai: shatin bel a fatar ciki, hanji ya fashe, wani lokaci ƙashin baya na ƙasa ya tsage. Bel ɗin kafaɗa kuma yana gogar wuya, sai yaro ya tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansa. Na hammata yana karya haƙarƙari, na baya kuwa ya bar rabin jiki na sama babu abin da ke riƙe shi, kai ya daki gwiwa ko kujerar gaba. Binciken da aka yi a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka ya nuna busta tana rage haɗarin rauni da kashi 45 cikin 100 ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 idan aka kwatanta da bel kaɗai.

A cikin busta, bel ɗin cinya ya bi ta ƙarƙashin ƙahonnin biyu ko ramukan da aka yi masa, ya kwanta ƙasa a kan saman cinyoyi. Na kafaɗa ya ratsa ta madafar da ke jikin majinginar kai, ya bi tsakiyar kafaɗa, ba wuya ba, ba kuma gefen damtse ba. Ki ɗaga majinginar kai yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninta da kafaɗar yarinyar, ki riƙa ƙara mata tsayi tana girma. Ba a amfani da busta a wurin da bel ɗin cinya kaɗai ne, kamar tsakiyar kujerar baya a tsofaffin motoci. Na fi son mai jingina a kan matashin zama kaɗai, musamman a shekarunta, domin tana kare kai daga karon gefe, tana kuma riƙe yaro idan barci ya ɗauke shi kada ya kife ya fita daga bel. A Turai tun 2017 ba a amincewa da sabon samfurin matashi marar jingina sai ga yaron da ya kai santimita 125 da kilo 22. Akwai kuma batun hankali: yaron da ke cikin busta yana iya sunkuyawa ya ɗauko abin wasa, ya leƙa gefe, ya buɗe makulli. Idan 'yarki ba za ta iya zama daidai daga farkon tafiya zuwa ƙarshe ba, kujera mai maɗauri ta manyan yara ta fi mata. Idan kuma babu kowa a bustar, ki ɗaure ta da bel, kada ta zama abin jifa a cikin mota.

Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan ranar barin busta. A Birtaniya sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12, duk wanda ya fara zuwa. A Jamus santimita 150 ko shekara 12. A Amurka kowace jiha da dokarta, likitocin yara kuma suna cewa bel yakan zauna daidai ne a kusan santimita 145, tsakanin shekara 8 da 12. Ki duba dokar ƙasar da kike tuƙi, amma gwajin da ya fi lamba shi ne ki zaunar da yarinyar a mota ba busta ki kalle ta. Bayanta ya manne da jingina. Gwiwoyinta su lanƙwasa a bakin mazauni ba tare da ta zame ba, ƙafafu su taka ƙasa. Bel ɗin cinya a kan cinyoyi, ba a ciki ba. Na kafaɗa tsakanin wuya da kafaɗa. Kuma ta iya zama haka har ƙarshen tafiya, ko da tana barci. Abu ɗaya ya gaza, a mayar da busta.

Su biyun a kujerar baya za su zauna, har sai sun kai shekara 13. Jakar iskar gaba, wadda ke kumbura ta tare mutum lokacin karo, tana fitowa da gudun da ya kan kai kilomita 300 a awa, an kuma auna ta ne da ƙirjin babba. Kujera mai kallon baya a gaban jakar iska mai aiki ba a yin ta ko sau ɗaya, ko tafiyar minti biyu ce, domin jakar za ta daki bayan kujerar a daidai inda kan jariri yake. Idan mota ba ta da kujerar baya, sai a kashe jakar da makullinta in tana da shi. Yaro babba da tilas ta sa ya zauna gaba, a tura kujerar baya har ƙarshe. Tsakiyar kujerar baya ta fi nisa da karon gefe, amma sau da yawa ba ta da ISOFIX, mazauninta kuma tudu ne. Wurin da kujera ta kafu da ƙarfi ya fi wurin da take rawa. Da yara biyu, abin da ya fi sauƙi shi ne ɗaya a kowane gefe, ki kuma kunna makullin yara da ke bakin ƙofofin baya.

Idan za ki sayi sabuwa, ki nemi takardar amincewa da ke manne a jiki ko ƙarƙashinta. Ta Turai ruwan lemo ce, da harafin E a cikin da'ira, da lambar R129 ko R44/04, da iyakar tsayi ko nauyi. Tun watan Satumba na 2024 an daina sayar da sababbin kujerun R44 a Tarayyar Turai, amma wadda ke hannu tana nan da amfaninta. Ki guji abin da ake tallatawa a intanet da sunan kujerar mota alhali ƙyalle ne da igiyoyi, babu ƙwaryar roba mai ƙarfi, babu takarda, babu littafi. Kujerar hannu kuwa sai wadda kika san tarihinta, domin tsagewar da karo ya yi wa roba ba lallai ido ya gan ta ba. Yawancin kamfanoni suna ba kujera shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, ranar tana buge a jikin robar. Bayan haɗari mai ƙarfi a canza ta, ko da babu yaro a ciki, wasu kamfanonin ma sun ce ko ƙaramin karo ne. Igiyoyin kuma ba a jiƙa su, ba a sa su a injin wanki, ba a sa musu bilic. Tsumma mai ɗanshi da ɗan sabulu ya isa.

Abu biyu da ba su shafi karo ba amma suna ɗaukar rai. Na farko ya shafi jarirai sababbin haihuwa: idan kujera ta miƙe tsaye da yawa, kai ya faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta toshe shiru ba kuka. Shi ya sa ake kishingiɗar da kujerarsu kusan digiri 45, a bi layi ko ƙwallon ma'aunin da ke gefenta, a riƙa tsayawa ana fito da su aƙalla duk awa biyu, kada kuma a mayar da kujerar gadon barci a gida. Bakwaini da aka haifa kafin mako 37, asibitoci da yawa suna gwada numfashinsa a cikin kujerar kafin a sallame shi. Na biyu zafi ne. Motar da aka rufe tana iya ƙara zafin digiri 10 cikin minti goma, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. Yaron da ke kallon baya ya yi barci ba a ganinsa daga gaba, don haka ki riƙa ajiye jakarki ko wayarki a ƙasan kujerarsa, yadda ba za ki bar motar ba sai kin buɗe ƙofar baya. Ki taɓa ƙarfen makulli da hannunki kafin ki zaunar da shi idan motar ta sha rana.

Ita kuma mai cewa ta girma, ki nuna mata da gaske ana jiran girman nata. Ki ja layi a bango a santimita 135, ku riƙa aunawa tare duk bayan wata uku, ki gaya mata ranar da kanta ya taɓa layin za a fara gwajin zama ba busta. Ki bar ta ta ja bel ta kulle da kanta, ke kuma ki miƙa hannu ki janye rarar cinya kafin ki tada mota. Gwajin ki maimaita shi a kowace motar da take shiga, domin zurfin mazauni da tsayin madafar bel sun bambanta daga mota zuwa mota, yarinyar da bel ya zauna wa daidai a ƙaramar mota tana iya buƙatar busta a babba har shekara guda bayan haka.